Mallakar Uwar Garke Tana ga Wanda Zai Iya Sake Gina Ta

Gabatarwa

Daga cikin masu koyon ilimin kwamfuta akwai wani rukuni da bai gamsu da ajiye ayyukansa a na'urorin kamfanoni ba. Ɗayansu yakan samo tsohuwar kwamfutar ofis, ko ƴar ƙaramar na'urar nan ta Raspberry Pi da aka fara sayarwa a 2012, ya girka mata Linux, ya jona ta da intanet, ya tura ta ƙarƙashin tebur. Daga ranar ta zama uwar garke, wato kwamfutar da ba a kashewa, wadda sauran na'urori ke zuwa neman hidima a wurinta. A kanta yake ɗora shafinsa da ma'ajiyar hotunan iyali, wani lokaci har da manhajar da ya rubuta wa wata makaranta ko wani shagon magani.

Niyyar mai kyau ce, kuma babu ajin da ke koyar da abin da irin wannan na'ura ke koyarwa. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba sai ranar da ta faru ta ƙare: idan faifan na'urar ya mutu yau da dare, kwana nawa za a ɗauka kafin komai ya koma yadda yake? Da yawa ba su da amsa, domin sun gina uwar garken da hannu, umarni bayan umarni, cikin watanni, ba tare da an rubuta ko ɗaya ba. Wanda ke cikin wannan hali ƙarfe da wayoyi ya mallaka. Ilimin yadda aka haɗa hidimar yana cikin kansa kaɗai, kai kuwa yana mantuwa. Matsayin da ya kamata a tsaya a kai shi ne cewa harhaɗa manhaja da ɗora ta aiki ne na na'ura tun daga ranar farko, ko da uwar garken ɗaya ce tak, amma da sharaɗin a yi shi da kayan aiki daidai girman gida.

Harhaɗawa da ɗorawa

Rubutun da mai manhaja ke yi ba shi ne na'ura ke gudanarwa kai tsaye ba a mafi yawan lokuta. Sai an tattaro ɗakunan karatu na wasu da rubutun ya dogara da su, an juya shi zuwa sigar da na'ura ke fahimta, an gwada shi, an ƙunshe shi wuri guda. Wannan shi ne harhaɗawa. Ɗorawa kuwa ita ce ɗaukar abin da aka harhaɗa zuwa uwar garke, a ajiye shi inda ya dace, a tsayar da tsohuwar siga, a tayar da sabuwa, a tabbatar tana amsawa.

Duk waɗannan matakai ana iya yin su da hannu. Mutum ya shiga na'urar daga nesa ta hanyar SSH, ya jawo sabon rubutu, ya buga umarni biyar ko goma, ya fita. Ana kuma iya rubuta matakan cikin fayil guda, a bar na'ura ta bi su da kanta duk lokacin da sabon rubutu ya iso. Tunanin ya daɗe. A 1976 Stuart Feldman ya ƙirƙiri manhajar Make a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka, bayan wani abokin aikinsa ya ɓata safiya guda yana farautar kuskuren da ya riga ya gyara, alhali matsalar ita ce ba a sake harhaɗa fayil ɗin da ya gyara ba. Kusan shekara hamsin ke nan ana neman maganin ciwo guda: ɗan Adam yana tsallake mataki ba tare da ya sani ba.

Abin da mataki ɗaya ke jawowa

A ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital, ɗaya daga cikin manyan dillalan hannun jari a Amurka, ya yi asarar sama da dala miliyan 400 cikin kimanin minti 45. Binciken hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar ya nuna yadda abin ya faru. Kamfanin yana da uwar garke takwas da ke tura odar ciniki. Wani ma'aikaci ya kwafi sabuwar manhaja zuwa guda bakwai, ta takwas ba ta samu ba, kuma babu wani na biyu da ya duba aikinsa. A kan ta takwas ɗin akwai wani tsohon sashe da aka daina amfani da shi tun 2003, ba a kuma goge shi ba. Sabuwar manhajar ta ari alamar da a da ke kunna wancan sashe, ta ba ta sabon aiki. Da kasuwa ta buɗe, bakwai suka yi daidai, ta takwas ta tayar da tsohon sashen, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa.

Akwai abubuwa biyu a cikin rahoton da suka fi yawan kuɗin muhimmanci ga mai nazari. Na farko, tun kafin kasuwa ta buɗe na'urorin sun aika saƙonni 97 da ke nuna akwai matsala, ba wanda ya ɗauki mataki. Na biyu, da ma'aikata suka rikice, sai suka cire sabuwar manhajar daga guda bakwai ɗin da ke lafiya, lamarin da ya ƙara rura wutar. Ba su da tsararriyar hanyar komawa baya, don haka suka yi ta lalube cikin duhu. Hukumar ta ci kamfanin tarar dala miliyan 12 a 2013, shekarar da wani kamfani ya haɗe shi.

Mai uwar garke a gida zai iya cewa shi ba ya cinikin miliyoyi, kuma na'urarsa ɗaya ce, babu ta takwas da zai manta. Gaskiya ne, amma tasa matsalar ta fi ta Knight Capital ta wata fuska. Kamfanin yana da ma'aikata da yawa, shi kuwa shi kaɗai ne mai rubutu, mai dubawa da mai gyara. Yakan yi aikin da dare bayan ya gaji, sau ɗaya a wata ko a wata uku. Aikin da ake yi kullum hannu yakan riƙe shi, wanda ake yi jefi-jefi shi ne ake mantawa da tsarinsa. Wata shida bayan ya sauya layi guda a fayil ɗin saiti don ya kawar da wata matsala, ba zai tuna da layin ba, balle dalilinsa.

Ga kuma yanayin da na'urar ke zaune a ciki. Uwar garken kamfani tana cikin ɗaki mai sanyi da injin wuta na ko-ta-kwana. Ta gida a Yamai ko Marwa ko Injamena tana shan zafin bazara da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da ɗaukewar wuta. A watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba ta dawo da ita ba sai a Maris 2024. Ɗaukewar wuta ba zato tana lalata ma'ajiya, musamman katin ajiya irin wanda Raspberry Pi ke aiki da shi. Ga mai na'ura a irin wannan wuri, sake gina uwar garke abu ne da ke tafe tabbas, ranarsa ce kawai ba a sani ba.

Mafi ƙanƙantar tsari da ke aiki

Abin da ke tsorata masu farawa shi ne zaton cewa sarrafa ɗorawa yana buƙatar manyan kayan aiki. Ba haka ba ne. Manhajar Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don adana tarihin rubutun Linux, tana zuwa da abin da ake kira ƙugiya: fayil ɗin umarni da take gudanarwa da kanta idan wani abu ya faru. Ɗaya daga cikinsu, mai suna post-receive, tana tashi ne da zarar sabon rubutu ya iso taskar da ke kan uwar garke. Layi talatin na umarni a cikinta sun isa su yi wa shafi ko ƙaramar manhaja duk abin da ake buƙata.

Tsarin da ya dace ga waɗannan layuka shi ne kamar haka. Da rubutu ya iso, sai a buɗe sabuwar jaka mai ɗauke da kwanan wata da sa'a, a harhaɗa manhajar a cikinta, ba a taɓa wadda ke aiki ba. A gudanar da gwaje-gwaje. Idan ko ɗaya ya faɗi, aiki ya tsaya nan take, a aika wa mai na'ura saƙo. Idan duk sun wuce, sai a juya manuni guda, wato ƴar alamar da ke gaya wa uwar garke jakar da ke aiki yanzu, daga tsohuwa zuwa sabuwa, a sake tayar da hidimar. Daga nan umarnin ya ƙwanƙwasa shafin da kansa ya ji ko zai amsa. Idan bai amsa ba, manuni ya koma kan tsohuwar jaka. Ana barin tsofaffin jakunkuna kaɗan a ajiye. Manhajar Capistrano, wadda ta yaɗa wannan salo, guda biyar take bari idan ba a sauya mata saiti ba.

Hikimar tana cikin manunin. Wanda ke kwafar sababbin fayiloli a kan tsofaffi, idan wuta ta ɗauke yana tsaka da aiki, zai tashi da manhaja rabi sabuwa rabi tsohuwa, wadda ba ta yi daidai da kowace siga da aka taɓa gwadawa ba. Juya manuni kuwa mataki ne guda, ko ya faru ko bai faru ba. Komawa baya ma mataki guda ne, ana yin sa cikin daƙiƙa ko da mutum yana magagin barci. Wannan ne abin da ma'aikatan Knight Capital suka rasa a safiyar da suka fi buƙatarsa.

Sauran saitin na'urar shi ma ya kamata ya koma rubutu: waɗanne manhajoji aka girka, waɗanne ƙofofin sadarwa aka buɗe, waɗanne hidimomi ke tashi da kansu idan wuta ta dawo. Manhajar Ansible, wadda Michael DeHaan ya fitar a 2012, an gina ta ne a kan ƙa'idar cewa mutum ya bayyana halin da yake son na'ura ta kasance, ita kuma ta sauya abin da ya saɓa kawai. Gudanar da ita sau goma daidai yake da gudanar da ita sau ɗaya, don haka idan aiki ya katse a tsakiya sai a maimaita ba tare da fargaba ba. Wanda ya zaɓi Docker, wadda ta fito a 2013, fayil ɗin Compose guda zai bayyana masa kwantenonin da ke aiki da yadda suke haɗe. Ko wanne aka ɗauka, dokar ɗaya ce: duk gyaran da aka yi wa uwar garke ya bi ta taskar Git. Gyaran da aka yi da hannu a ɓoye bashi ne, kuma ranar mutuwar faifai ake biyansa.

Hukumar Let's Encrypt ta nuna yadda ake tilasta wannan tarbiyya. Tun da ta fara ba da takardun shaidar tsaro na shafuka kyauta a 2015, ta sanya musu wa'adin kwana 90, kuma ta bayyana cewa ɗaya daga cikin dalilanta shi ne mutane su gaji da sabuntawa da hannu su miƙa wa na'ura aikin. Dabarar ta ci, domin yau ba kasafai ake samun mai sabunta irin wannan takarda da hannu ba.

Kwaɗayin manyan kayan aiki

Kuskuren da ke ɗaya gefen shi ma yana da mabiya. Akwai wanda zai karanta yadda manyan kamfanoni ke aiki, ya dawo ya girka Kubernetes a kan tsohuwar kwamfuta don ya ɗora shafi guda. Google ne ya fitar da Kubernetes a 2014, bisa gogewarsa ta tafiyar da dubban na'urori, kuma matsalar da take magancewa ita ce rarraba aiki tsakanin na'urori masu yawa da sauya musu wuri idan ɗaya ta mutu. Mai na'ura ɗaya ba shi da inda zai sauya wa aiki wuri. Abin da zai samu shi ne ƙarin sassa da ke buƙatar sabuntawa, da kurakuran da bai san hanyar bincikensu ba. Idan koyon Kubernetes yake so don neman aiki, wannan dalili ne mai ƙarfi, sai ya keɓe mata na'urar gwaji. Hotunan iyali da rajistar makaranta ba su cancanci zama abin gwaji ba.

Ma'aunin a nan mai sauƙi ne. Kayan aikin da mai shi ba zai iya bayyana yadda yake aiki ba ya yi masa girma. Ana barin ƙugiyar Git ne idan wata buƙata ta gaske ta taso: manhajoji sun yi yawa, ko mutum na biyu ya shigo aikin, ko ana son ganin tarihin kowace harhaɗawa a shafi. A lokacin akwai matsakaitan kaya da aka yi don irin wannan. Gitea, wadda ta ɓalle daga Gogs a 2016, da Forgejo, wadda ta ɓalle daga Gitea a ƙarshen 2022 kuma ƙungiyar Codeberg ta Jamus ke amfani da ita, duk suna ba da taskar Git mai shafi tare da ɗan aike da ke gudanar da harhaɗawa. Akwai kuma Woodpecker, wadda ta samo asali daga Drone. Jenkins, da ta ɗauki wannan suna a 2011 bayan ta rabu da Hudson, tana iya kusan komai, amma nauyinta da yawan ƙarin sassan da take jawowa sun sa ta zama aiki na daban da kanta.

Me ya hana a bar wa kamfanoni?

Mai adalci dole ya yarda cewa GitHub Actions da makamantanta suna da sauƙi, suna da sauri, kuma ba sa cin wutar gidan kowa. Ga wanda manufarsa ita ce manhaja ta fita kawai, amfani da su ba laifi ba ne. Amma tarihin ƴan shekarun nan ya nuna cewa abin da aka bayar kyauta ana iya janye shi. A ƙarshen 2020 Travis CI, wadda dubban ayyuka suka dogara da ita, ta taƙaita hidimarta ta kyauta. A ranar 28 ga Nuwamba 2022 Heroku ta rufe tata gaba ɗaya. A Yuli 2019 GitHub, wadda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, ta taƙaita asusun masu amfani da ita a Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka. Waɗanda abin ya shafa ba su aikata komai ba face zama a inda suke zaune.

Darasin ba shi ne a ƙaurace wa waɗannan hidimomi ba. Darasin shi ne a ajiye ainihin matakan harhaɗawa cikin fayil ɗin umarni na kai, wanda ke gudana a kowace na'urar Linux, ita kuma hidimar kamfani aikinta ya tsaya ga kiran wannan fayil. Ranar da ta sauya sharaɗi, ƙaura ba za ta wuce ta awa guda ba.

Dogaro da waje yana da wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Harhaɗawar da ake yi a gida ita ma tana jawo kaya daga intanet duk lokacin da ta tashi. A Maris 2016 wani mai manhaja ya janye ayyukansa daga rumbun npm, ciki har da left-pad mai layi 11 kacal, sai harhaɗawa ta tsaya wa dubban ayyuka a duniya. A Nuwamba 2020 Docker Hub ta ƙayyade wa wanda bai yi rajista ba jawowa 100 cikin awa shida. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma igiyoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, sadarwa ta raunana a Kodebuwa da Ghana da Benin da Najeriya da Kamaru. Uwar garken da ba ta iya harhaɗa komai sai ta tuntuɓi Turai ba ta tsaya da ƙafarta ba tukuna. Maganin shi ne a ƙulle lambar sigar kowane abin dogaro, a kuma ajiye kwafinsa a gida. Wannan yana rage kuɗin data ma, domin ba a sake jawo abu guda sau ɗari.

Wanda ke riƙe da makullai

Hujja mafi ƙarfi a kan sarrafa ɗorawa ita ce ta tsaro, kuma ba ta cancanci a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Tsarin da ke iya ɗora manhaja da kansa yana riƙe da makullan gida. Duk wanda ya mallake shi ya mallaki uwar garke. A 2020 aka gano cewa masu kutse sun shiga na'urorin harhaɗawa na kamfanin SolarWinds, suka cusa gurɓataccen sashe cikin manhajar Orion, kuma kusan abokan ciniki 18,000 suka sauke ta da hatimin kamfanin. A Afrilu 2021 aka bayyana cewa an sauya wani fayil ɗin umarni na Codecov, wanda masu manhaja ke jawowa su gudanar a cikin harhaɗawarsu, ya shafe kusan wata biyu yana kwashe kalmomin sirri yana aikawa waje. A Maris 2024 Andres Freund ya gano ƙofar baya a manhajar xz, wadda aka ɓoye hanyar shigar da ita cikin umarnin harhaɗawa.

Waɗannan misalai ba su mayar da aikin hannu amintacce ba, domin mai shiga da hannu da cikakken iko kullum shi ma ƙofa ce. Abin da suke koyarwa shi ne a taƙaita ikon ɗan aike. Ya yi aiki da asusu na daban wanda ba shi da ikon shugaban na'ura, a ba shi izinin sake tayar da hidima guda kawai. Kalmomin sirri kada su shiga taskar Git a bayyane, domin Git ba ta mantuwa, goge su daga baya ba ya cire su daga tarihi. Mai amfani da Docker ya sani cewa wanda aka ba damar sarrafa ta tamkar an ba shi na'urar ce duka. GitHub da kanta tana gargaɗin kada a haɗa ɗan aiken gida da taskar da ke buɗe ga jama'a, tunda baƙo na iya turo gyara mai ɗauke da umarnin da zai gudana a cikin gidan mutum.

Yana da kyau kuma uwar garke ta riƙa leƙa taska da kanta kowane ƴan mintuna, maimakon ta buɗe ƙofa tana jiran a kira ta daga waje. Wannan salo ya dace da masu intanet na layin waya, waɗanda galibi ba su da adireshin da za a iya isa gare su daga waje, kuma yana rage ƙofofin da ake tsaro.

Akwai iyaka guda da ya kamata a ja da kyau. Ɗora rubutun da mutum ya rubuta ya gwada daban, karɓar duk sabuwar sigar da wasu suka fitar cikin dare daban. Kayan aiki irin su Watchtower suna sabunta kwantena da zarar an fitar da sabo. Ga gyaran tsaro na tsarin Linux ɗin kansa, sabuntawa ta kai tsaye tana da amfani. Ga rumbun bayanai kuwa haɗari ce, domin tsallaka babbar siga kan sauya yadda bayanai ke ajiye, kuma ba kullum ake iya komawa ba. Na'ura ta sanar cewa sabuwar siga ta fito, mutum ya karanta bayaninta, shi ya yanke hukunci.

Abin da taska ba ta dawo da shi

Taskar Git tana dawo da manhaja da saiti. Ba ta dawo da hotuna, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, ko lissafin shago. Waɗannan suna buƙatar ajiyar ko-ta-kwana, kuma a nan ne amincewa da na'ura ido rufe ya fi cutarwa. A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab, bayan doguwar rana, ya goge kusan gigabait 300 na rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, yana zaton a kan na'ura ta biyu yake aiki. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya biyar, ba ko ɗaya da ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya daga cikinsu ta daɗe tana faɗuwa saboda manhajar kwafin ta siga 9.2 ce, rumbun kuma na siga 9.6 ne, saƙonnin da ke sanar da faɗuwar kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin hatsarin. Bayanan waɗannan awanni sun tafi ke nan.

Aikin da na'ura ke yi da kanta yana iya mutuwa shiru, mai shi yana barci da kwanciyar hankali. Don haka shiru bai kamata ya zama alamar lafiya ba. A tsara abin ta yadda rashin zuwan rahoton nasara shi ne zai tayar da ƙararrawa. Kwafin ajiya ya zauna a wani wuri daban da uwar garke, domin gobarar da ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa ranar 10 ga Maris 2021 ta haɗa da bayanan waɗanda ajiyarsu ke wuri ɗaya da na'urorinsu. Sama da komai, a gwada dawo da ajiyar tun ana zaune lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Akwai jarrabawa guda da ke raba gardama, kuma kowa na iya yi wa kansa ita a rana ɗaya ta hutu. A samo na'ura marar komai, ko a ƙirƙiri ta gwaji a cikin kwamfuta. A hana kai leƙa uwar garken da ke aiki. Da taskar Git da kwafin ajiya kaɗai, a yi ƙoƙarin tayar da dukkan hidimomin, ana duba agogo. Duk inda aka tsaya ana tunanin abin da aka yi wancan karon, nan ne akwai matakin da ba a rubuta ba, sai a rubuta shi nan take. Karo na farko yakan ci yini guda, ya kuma tona abubuwan da mai na'ura zai ji kunyar gani. Karo na uku yakan zama umarni ɗaya da kofin shayi.

Wanda ya ɗora wa makaranta ko shago hidima yana da ƙarin nauyi, domin wata rana zai yi tafiya, ko ya yi rashin lafiya, ko ya samu aiki a wani gari. Idan ya bar matakan a rubuce, ɗalibin da ya biyo bayansa zai karanta su ya ci gaba daga inda aka tsaya. Idan ya tafi da su a cikin kansa, mutanen da suka amince masa za su wayi gari da akwati a ƙarƙashin tebur wanda ba wanda ke da ƙarfin halin kashewa, ba kuma wanda ya san yadda zai gyara.